Minti Hamsin Ne Kawai

Yayanmu ne ya jawo mini. Bayan rasuwar Baba, da aka watse aka bar Mama ita kaɗai a gida, sai ya zauna can ƙasar da yake aiki ya latsa waya, ya binciko nisan da ke tsakanin filin jirgin garinmu da na garin da nake aure. Ya ɗauki hoton abin da ya gani ya turo a guruf ɗin 'yan gida: kilomita ɗari huɗu da 'yan kai, minti hamsin a sama. A ƙasa ya rubuta, "Alhamdu lillahi, ashe Malama ce ta kusa." Ni ce Malamar, don koyarwa nake yi a makarantar sakandare. Tun daga ranar na zama ta kusa, ba tare da an tambaye ni ba.

Abin haushin, ƙanwarmu Auta gari ɗaya suke da Mama. Sai dai ita a hayin gada take, kuma in cunkoso ya kama gadar nan, awa ɗaya da rabi ba ta kai ta gida. Da aka ɗora awa da rabi a sikeli aka ɗora minti hamsin, sai lissafi ya faɗa kaina. Auta ba ta yi musu ba, me zai kai ta? Ranar da na ce ta ɗan leƙa Mama a madadina, cewa ta yi ni ban san wahalar gadar nan ba, ni da nake zaune a jirgi ana miƙo mini lemo. Yaya kuwa ya ce tikiti a bar masa. Yana saye ɗin, ban taɓa roƙo ba, tun kafin in ce zan je sai in ga ya turo. Da wannan ya sauke nasa nauyin, yana barcinsa har da minshari.

Minti hamsin ɗin gaskiya ne, ban ce ƙarya aka yi ba. Daga lokacin da tayar jirgi ta bar ƙasa zuwa lokacin da ta sake taɓa ƙasa, haka yake. Abin da wayar Yaya ba ta gaya masa ba shi ne filin jirgin nan yana bayan gari, inda gidaje suka ƙare, na can ma haka, kamar an haɗa baki. Ba ta gaya masa jirgi ɗaya ne tak ke bin wannan hanya ba, ɗan ƙarami mai farfela biyu, wanda sai ya gama zagayen wasu garuruwa kafin ya waiwaye mu, in ya makara a can mu ne za mu sha zama a nan. Ba ta san layin awon kaya ba. Ba ta san kujerun ƙarfen ɗakin jira ba, waɗanda aka yi wa hannu a tsakani don kada wani ya yi gangancin kwanciya. Nakan fita gida ranar Asabar rana ba ta gama fitowa ba, in na yi sa'a in ci abincin rana da Mama, in ban yi ba sai la'asar sakaliya. Lahadi in sake kwasar hanya. Litinin in tsaya gaban allo idona na rufewa. Ta mota kuwa ba a magana, wuni guda ce cur, hanyar kuma ta mutu tun ina budurwa.

Kuma ba don wani babban abu ake kirana ba. Famfon kicin yana ɗiga, a kira ta kusa. Likita ya canza maganin hawan jini Mama ba ta gane wanne ne na safe ba, a kira ta kusa. Akwai satin da na keta sararin samaniya don talabijin ya ƙi kawo hoto, na je na tarar waya ce ta zare a baya. Na mayar da ita, hoto ya dawo, Mama ta sa mini albarka, ta ce tunda na zo in duba mata ƙwan fitilar banɗaki.

Shekara biyu ina haka. Shugabar makarantarmu ta kira ni ofis, ba faɗa ba, tambaya kawai, ko lafiya nake, don an ga ina gyangyaɗi a taron malamai. 'Yata ta fara girma a bayan idona, abin da ya kamata ta tambaye ni sai ta tambayi babanta, shi kuma ya yi ta kame-kame. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma haƙurinsa irin mai nauyin nan ne, wanda gara a yi maka faɗa ka huta. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Kuma ina son uwata. Ba na son a wayi gari ta faɗi a banɗaki ina can ina koyar da 'ya'yan wasu.

Abu ɗaya nake so, Mama ta tattaro ta dawo wurina. Ɗaki na nan. Mun fitar da tarkacen da ke ciki, mun yi fenti, maigida ya sa an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, na sayo katifa mai tauri saboda bayanta. Duk lokacin da na ɗauko zancen sai ta yi murmushi ta ce, "To, bari mu gani. Ai ba nisa." Daga nan ta karkata ta shiga ba ni labarin maƙwabciyarta, tsohuwa irinta wadda ita ma mijinta ya rasu. Bango ɗaya ya raba ɗakunansu, kowace safiya ɗaya takan buga shi da cokali ɗayar ta amsa, a san an tashi lafiya.

Wannan "ba nisa" shi ke ƙona mini rai. Mama ba ta taɓa shiga jirgi ba. Sau ɗaya ta zo gidana, da mota, lokacin da na haihu, amma a ganinta yanzu jirgi ya naɗe hanyar nan kamar tabarma. Ina fita ƙofata, in ɗan lumshe ido, sai ga ni a tata. Na faɗa mata ba haka ba ne har bakina ya gaji, sai ta ce 'ya'yan yanzu akwai raki.

Da likita ya ce yanar da ke idonta na hagu ta isa cirewa, kuma asibitin da ke wannan aiki a garin da nake yake, sai na ga dama ta samu. Na ce a raina, bari ta bi hanyar nan sau ɗaya da ƙafarta, ta ɗanɗani abin da nake sha. In ta ga nisan za ta ji tausayina, in ta ji tausayina za ta zauna. Na zaci sai an kai ruwa rana kafin ta yarda, amma ina faɗa ta ce to. Har Yaya ya kira yana murna, wai dama ya san Mama ba ta da matsala, mu ne ba mu iya lallashi ba.

Na je ranar Asabar kamar kullum, Lahadi da safe muka kama hanya. Akwati biyu ta haɗa, ƙarami na hannu da wani babba na zamanin Baba, wanda da mai tasi ya ɗaga sai da ya ce wash, ya tambaya ko duwatsu muka zuba. Na ce Mama, sati biyu fa za ki yi. Ta ce tsohuwa ba ta tafiya da kaya kaɗan, in rabu da ita. Ta shiga wurin maƙwabciya yin sallama ta daɗe, mai tasi yana ta danna hon.

Muna fita unguwa muka faɗa cunkoson kasuwa. Na duba agogo na ce, "Mama, kin ga wannan? Ba ya cikin minti hamsin ɗin fa." Ta ce to. A ƙofar filin jirgi, inda ake tsayar da motoci a leƙa bayansu, na sake faɗa. A layin awo babban akwatin ya wuce nauyi, aka tura mu wata taga, daga can aka dawo da mu inda muka baro, nan ma na faɗa. Wurin bincike suka sa ta cire awarwaronta, suka karɓe ruwan da ta ɗebo a gora don shan magani. Ta kalle ni, na ce shi ma ba ya ciki. Na san ina maimaitawa kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya, amma aikina ke nan, na san abu ba ya zama sai an nanata. Na nemi keken tura marasa ƙarfi, aka ce guda ɗaya ne kuma wani ya tafi da shi. Mama ta ce ko an kawo ba za ta hau ba, ƙafarta ba ta mutu ba tukuna.

Ɗakin jiran na san shi kamar ɗakin kwanana. Fanka biyu ne, ɗaya na juyi ɗaya ta yi ritaya. Talabijin a manne can sama ba murya, sai wani ɗan kanti a lungu mai sayar da shayi a kofin takarda da biskit. Na wuce da Mama kai tsaye zuwa kujerata, ta jikin ginshiƙi, inda iskar fankar mai rai ke kaiwa kuma akwai wurin cajin waya. Mai shara ta hango ni ta ɗaga tsintsiya ta ce, Malama yau da baƙuwa, yaran sun ci jarrabawar kuwa? Mai shayi ma ya tambaya daga nesa ko a kawo irin na kullum. Mama ta dube ni ta ce ashe har dangi na yi a nan. Na ce ai dole, na fito da littattafan ɗalibai da jan biro na ɗora a cinya.

Da farko wurin ya burge ta. Ta gyara zama, jaka a cinya, ta gaisa da matar da ke kusa, kafin in gama makin littafi uku ta san 'ya'yan matar nawa da wanda ke ba ta ciwon kai. Ta ce ai wurin ba laifi, ni ce mai ƙorafi.

Lokacin tashi ya zo ya wuce. Lasifika ta yi tari, wata murya ta ba mu haƙuri, wai jirgin bai baro garin da yake ba saboda dalilai na aiki. Mama ta tambaye ni mene ne dalilan aiki. Na ce ni ma tun da na fara zuwa nake tambaya. Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka. Aka sake ba da haƙuri, yanzu kuma hadari ne a hanya. Matar da suke hira ta yi barci baki buɗe. Wani mai kwat ya je ya yi ta zazzaga wa ma'aikaciyar da ke bayan tebur faɗa, ita kuwa ko a jikinta, ta saba, ta bar shi ya gama ya koma ya zauna inda ya taso.

Gajiya ta fara kama Mama. Ta zare takalmanta, na ga ƙafafun sun kumbura har igiyar takalmin ta yi musu zane. Na tura mata ƙaramin akwatin ta ɗora su a kai. Na sayo mata shayi, ta kurɓa sau biyu ta ce wannan ruwan zafi ne aka nuna wa ganye daga nesa. Ta jima tana kallon hannuna yana tafiya a kan littattafan. Banɗakin yana can ƙarshen wani dogon baranda, na yi ta raka ta tana tafe tana dafa bango. A wata dawowar ta tsaya a tsakiyar hanya tana mayar da numfashi, ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba.

"Kullum haka ne?"

Ba kullum ba ne. Akwai ranakun da jirgin ke zuwa a kan kari har in yi mamaki. Amma na ce, "Yau ma da sauƙi, Mama. Akwai ranar da aka ce mu koma gida sai gobe." Wannan ma ya faru, ba ƙirƙira na yi ba. Ta gyaɗa kai muka ci gaba da tafiya. Tausayinta ya kama ni, kuma a ƙarƙashin tausayin ina jin wani daɗi-daɗi, irin na wanda aka daɗe ana ƙaryatawa yau shaida ta zo.

Yaya ya turo saƙo yana tambaya ko mun huta, wai bisa lissafinsa yanzu har mun ci abinci. Na ɗauki hoton ƙafafun Mama a kan akwati na tura guruf. Auta ta turo fuskar kuka.

Sai bayan la'asar jirgin ya sauka. Babu motar da ke kai mutane gindinsa, da ƙafa ake takawa a kan kwalta mai zafi, iska na fizgar mayafi. Matakalar siririya ce, ina baya ina turawa, wata ma'aikaciya na gaba tana ja. Na ba ta kujerar taga na ɗaura mata bel. Da farfela ta fara juyi jirgin ya ɗauki rawa, sai ta damƙe hannuna tana addu'a ƙasa-ƙasa, ba ta sake ni ba sai da muka daidaita a sama.

Matuƙin ya yi mana sannu, ya ba da haƙuri, ya ce tafiyar minti hamsin ce. Wani a baya ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Na zaci Mama za ta yi barci, amma ta manna goshi a gilashi tana kallo da idonta mai lafiya. Garinmu ya ƙanƙance, ta nemi unguwarmu ba ta gani ba, gadar Auta ta koma kamar zare. Daga nan gonaki, daga nan duwatsu, sai wani fili ja, ba gida ba bishiya, mu yi ta tafiya shi yana nan. Kogi ya ratsa ya wuce. Wasu duwatsun suka sake tasowa. Can ta yi magana, bakinta a jikin gilashi.

"Duk wannan tsakaninmu yake?"

Na ce duk. Ta ce ita da ta zo da mota ba ta ga haka ba, barci ta yi ta yi, kuma a mota mutum gabansa kawai yake gani. Can sai muka sauka. Na duba agogo don neman magana, minti hamsin cif, ko ɗaya bai ƙaru ba.

Sauran ba sai na ja ba. Babban akwatin shi ya fito na ƙarshe. Maigida yana waje tun azahar, ya sha rana har ya yi laushi. Hanyar shiga gari ta cushe da masu dawowa daga hutun ƙarshen mako. Gidanmu a hawa na biyu yake, Mama ta hau matakalar nan tana hutawa a kowace kwana, jikarta na riƙe da hannunta. Ana kiran magariba muka shiga. Ta kalli ɗakin da muka gyara mata, ta shafa bangon, ta danna katifar, ta ce Allah ya yi albarka. Ko abinci ba ta iya ci ba, ta yi salla a zaune ta kwanta da kayan jikinta. Maigida ya same ni a kicin ya tambaya yaya hanya. Na ce yau dai an gani. Ya dube ni ya ce an gani kam, ya ci gaba da wanke kofinsa.

Washegari na nemi izini a makaranta. Mama ba ta tashi da wuri ba, abin da ban taɓa gani ba. Lokacin maganinta ya yi, na duba ƙaramin akwati ban ga na hawan jinin ba, sai na ja babban zuwa falo a hankali na buɗe.

Ba kayan sati biyu ba ne. A sama bargonta ne mai ruwan ƙasa, wanda ba ta barci sai da shi. Ƙarƙashinsa agogon bangon falonmu, an cire masa batir an naɗe shi da tawul. Ga labulen ɗakinta, hoton Baba a tsakiyarsa. Ga butar shayinta da ta lotse a gefe, da almakashin da ba ta ba kowa aro. Can ƙasa kan keken ɗinkinta ne, shi ne nauyin da ya kusa karya mai tasi, ta kwance shi daga teburinsa, ita kaɗai ko da taimakon wa, oho. A wani lungu cikin leda na ga reshen furen nan da ke bakin tagarta, ta naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma. Tsumman ya bushe ƙayau, ganyen ya langaɓe.

Na zauna a ƙasa dirshan. Mace ba ta ɗauko agogon bango don a cire mata yanar ido. Zuwan zama ta yi, ba ta gaya wa kowa ba. Hawayen daɗi suka zubo mini, na ji wani nauyi ya sauka daga wuyana wanda har na manta ina ɗauke da shi. Na kira maigida a wurin aiki ina raɗa, na ce ya sayo ƙusa in zai dawo. Na tsoma reshen a kofin ruwa. Na nemo batir na sa wa agogon, na saita shi ya kama tafiya. Har na fara tunanin Asabar mai zuwa, yadda zan yi barci sai rana ta tashe ni, in kai 'yata kasuwa mu zaɓo mata takalma.

Ina tsaye da agogon a hannu ina neman inda zai dace, sai na ji takunta. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta dafa, fuskarta duk ta faɗa. Ta dubi kayan da na baza a kan kafet, ta dubi agogon.

"Cire batir ɗin nan, Malama, kada ya ƙare a banza."

Na yi dariya na ce ai na gano ta, asiri ya tonu, kuma rabon da in ji daɗi irin na yau har na manta. Ita ba ta yi dariya ba. Ta lallaba ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafafun da har yanzu kumburinsu bai sace ba, ta ce in zauna.

Ta ce gaskiya ne, da niyyar zama ta fito. Ta daɗe tana juya abin a ranta, tana ganin yadda nake ramewa, ta ce to me ya rage, tunda kusa ne. In ta yi kewar gida ta shiga jirgi da safe, ta buɗe tagogi ta share tsakar gida, ta dawo da yamma. In Auta ta haihu, ga ta. In maƙwabciya ta kwanta ciwo, kafin a dafa ruwan zafi ta iso. Haka ma ta gaya wa maƙwabciyar da suna sallama jiya, matar tana ta kuka, ta ce mata ta share hawayenta, ta sa a kira ta kawai, ai minti hamsin ne. Ba ta faɗa mana ba don kada mu cika ta da surutu, ta so sai ta kwana biyu sannan ta ce to, na zauna.

"Sai jiya kika nuna mini," ta ce. "Kin kuwa iya koyarwa, na gane sarai. In na zauna a nan, na bar can ke nan har abada. Matar nan za ta buga bango ba mai amsawa, ni kuma na yi mata alƙawarin da ba zan iya cikawa ba."

Na fara magana da sauri, wata na hawa kan wata. Na ce jiya daban ce, hadari ne, ba kullum ake haka ba. Na ce akwai ranakun da jirgin ke tashi a kan lokaci, kafin ki gama shan lemo an sauka. Na ce zan riƙa raka ta duk ranar da ta so, za mu nemi keken tun da wuri, za mu zaɓi ranar da ba cunkoso. Duk abin da Yaya ya daɗe yana gaya mini ina jin kamar in shaƙe shi, shi na zauna ina jera wa Mama, har da rantsuwa. Ta bar ni na gama.

"Na ga ƙasar da idona, 'yar nan. Ko jirgin bai makara ba, tana nan."

Sannan ta ce akwai magana ta biyu, kuma ba shawara take nema ba. Zuwan nan nawa na kowane mako ya ƙare. Ita ba ta san abin da take sa ni ba, da ta sani, ko famfon zai cinye gidan da ruwa ba za ta bari a kira ni ba. Jiya da take kallona ina makin littattafai a cinya, mai shara tana gaishe ni kamar 'yar gida, kunya ce ta kama ta, kunyar 'yar da ta haifa. Za ta kira Yaya da kanta ta ce ya daina sayen tikiti. Auta kuwa ta koyi haye gada. Ni in zo in an yi hutun makaranta, da jikarta, mu kwana biyu a tsanake kamar mutane.

Na ce ban yarda ba. Na ce gajiyar tawa ce, ban kai ƙara wurin kowa ba. Ta ce na kai mana, tun daga cunkoson kasuwa nake kaiwa, kuma an karɓa.

Hutun makaranta sau uku ne a shekara. Na dubi hannuwanta a kan gwiwa, jijiyoyin duk sun fito, sai na kama kaina ina lissafin abin da ba a lissafawa. Asabar ɗina ta dawo hannuna, abin da na daɗe ina roƙo, kuma ban ji baƙin ciki irin na wannan safiya ba tun ranar da aka fita da Baba.

Na ce to ta bari a gama aikin idon, ta warke, sannan mu sake magana. Ta ce aikin ido za a yi, tunda an zo. Amma kayan a mayar yanzu, ba ta so ta saba ganinsu a nan.

"Tafiyar nan sau ɗaya ta rage a ƙafafuna," ta ce, "kuma ta komawa ce."

Na cire batir ɗin. Muka naɗe agogon a tawul ɗinsa, tana nuna mini yadda ta jera su, keke a ƙasa, hoto a cikin labule don kada gilashin ya fashe. Reshen furen kaɗai ta ce in bar shi a kofin, in ya yi rai nawa ne. Hannuna ba irin nata ba ne wurin shirya kaya, da muka ɗora bargon sai murfin ya ƙi haɗuwa. Ta sauko daga kujera da ƙyar ta durƙusa a gaban akwatin, ta kama zif ɗin, ta ce in hau kai in danne. Na hau na zauna, ta ja.